Wasiƙar Inna da Almakashin Malaminmu

Ranar da jirgin ruwa ya sauke mu a Marsai, ni a ganina babu wayayye kamata. Na yi karatuna na farko a Dakar, na koyar shekara biyu a lakol, makarantar boko ta garin Agye, ga faransanci a bakina kamar da shi aka yi mini huɗuba. Ƙasarmu ba ta daɗe da karɓar mulkin kai ba, ana neman 'yan ƙasa da za su riƙe rediyo da jarida, shi ne aka ba ni burs, wato kuɗin karatu, in je Faransa in yi karatu mai zurfi na aikin jarida, shekara biyu.

Duk garinmu Cadawa babu wanda ya san mene ne aikin jarida. Abin da Inna ta fahimta shi ne za a koya mini magana cikin akwati. Ina ji ta ce wa ƙanwata Rabi, "Wanda bai iya shiru ba tun yana goye, shi za a kai ƙasar Nasara a koya wa magana?" Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana sai ta kan wani. Kowa Lawali yake ce mini, ita kuwa "wancan". Tun rasuwar mahaifinmu da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta riƙe mu, ban taɓa jin ta nemi wani abu daga wurina ba.

A bakin tashar jirgin wani mutum ya tare ni, tsaf da shi, da hula da takarda a hannu. Ya ce daga buro, wato ofishin ɗalibai, aka aiko shi, kaya daban suke tafiya, in ba shi akwatina zan iske shi a tashar jirgin ƙasa. Har ya yago mini wata 'yar takarda mai lamba. Na yi masa godiya da faransancin nan nawa mai tsabta, na taya shi ɗora akwatin a kafaɗa. A ciki akwai gwadon da Inna ta sa aka saƙa mini, da babbar rigata, da ƙullin yaji, da ƙuli-ƙulin da ta kwana biyu tana soyawa. Na yini a tashar jirgin ƙasa riƙe da lambata. Da la'asar wani ma'aikaci ya karɓi takardar, ya juya ta, ya dube ni da tausayi. Ashe ta shiga silima ce.

Da rigar jikina da jakar takarduna na hau jirgin arewa. Muna tafiya sanyi yana ƙaruwa, har haƙorana suka fara kaɗawa. Wata tsohuwa da ke zaune gabana ta daɗe tana kallona, ni kuma ina ɗaure fuska don na ƙoshi da alherin mutanen ƙasar. Sai ta kwance gyalen ulu daga wuyanta ta miƙo mini, ta raba burodinta biyu ta ba ni rabi da wani cuku mai wari. Na ci burodin, cukun kuwa na jira ta yi gyangyaɗi na tura shi ƙarƙashin kujera. Ta sauka a wata ƙaramar tasha ba ta karɓi gyalenta ba, ban kuma san sunanta ba.

Garin da lakol ɗin take duk jan bulo ne da hayaƙin masaƙu ya mayar baƙi. Ruwa ba ya sauka kamar namu, a yi shi a gama, sai dai ya yini yana tsiyaya kamar rufin da ke yoyo. Na sami ɗaki a gidan wata gwauruwa, ita ta ciro mini kwat ɗin marigayi mijinta daga cikin adaka, hannuwansa sun wuce nawa da taƙi guda. Haka na riƙa zuwa aji kamar an rataye kwat a jikin kara.

Malamin da ke koya mana rubuta labari wani dattijo ne da ya tsufa a gidan jarida. Ba ya shigowa aji da littafi, almakashi kawai yake ajiyewa a kan tebur, shi ya sa na raɗa masa Mai-almakashi. Aikin farko da ya ba mu, labarin gobara ce a wata ma'ajiya wadda mutum biyu suka mutu a ciki. Na zauna na tsara abina yadda ɗan mutunci zai kai irin wannan labari. Na fara da yadda gari ya waye, na zo kan ma'aikata da iyalansu, na biyo da hayaƙi da 'yan kwana-kwana, can a ƙarshe na sanar da rasuwar a hankali. Da ya zo kan takardata sai ya ɗaga ta sama, ya sa almakashi ya datse kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa, ya bar guntun ya faɗi. Ya karanta abin da ya rage, ya kira ni da "Mushe", malam ke nan a bakinsu, ya ce, "Barka, Mushe Lawali. Ka ceci mutum biyu. A labarinka babu wanda ya mutu."

Aji ya kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na miƙe na ce masa a ƙasarmu ba a jifan mutum da mutuwa a fuska, sai an zaunar da shi tukuna. Bai yi fushi ba. Ya ce idan fili ya ƙare a shafin jarida, mai ɗab'i ba ya karanta komai, daga ƙasa yake yankewa. "Abin da ya fi nauyi, layin farko. Abin da ke ƙasa na almakashi ne. Ko ka koyi wannan, ko ka koma gida ka ci gaba da zaunar da mutane."

Wata uku yana datse ni. Sau biyu na faɗi jarrabawa, aka kira ni buro aka gaya mini in na sake faɗuwa za a yanke burs a mayar da ni. Na riƙa ganin kaina ina sauka daga mota a Cadawa, babu akwati babu diplom, takardar gama karatu, sai kwat ɗin mamaci. Kewar gida ta riƙa kama ni a wuraren da ban zata ba. Ranar nan ƙamshin gyaɗa da ake soyawa a bakin titi ya sa na tsaya na yi kuka a gaban mai sayarwar.

A cikin wannan hali na gamu da Baba Na-Allah. Ina wucewa ta tashar jirgin ƙasa na ji wani yana korar tantabaru da tsintsiya yana cewa, "Ku tashi, ɗiyan banza, ku bar mani wuri!" Na tsaya cak. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Tsintsiyar ta faɗi daga hannunsa. Bagobiri ne na wajen Cadakori, an ɗebe shi soja tun yana saurayi, aka gama yaƙi bai koma ba, yana sharar tasha. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki, yana ta tambayata ruwa da hatsi, kamar jiya na baro su.

Kowace Lahadi ina ɗakinsa. Yakan tuƙa tuwon garin alkama ya kaɗa busasshiyar kuɓewa da ban san inda yake samo ta ba. Shi ba ya samun wasiƙa daga kowa, a tunaninsa an daɗe da yi masa sadakar arba'in a gida. Sai ya riƙa aron tawa. Malam Ilu, ƙanen limamin unguwarmu, shi ke rubuta wa Inna wasiƙa da ajami, malamin lakol ya sa adireshi a bayan ambulan. Wasiƙar Malam Ilu kuwa ba ta sauya hanya. Bayan sallama, kowa lafiya lau. Inna tana gaisuwa, Rabi tana gaisuwa, Kawu Ibro na Gazawa yana gaisuwa, liman, mai unguwa, wanzami, har makahon bakin kasuwa, shafi uku cur. Baba Na-Allah bai san ko ɗayansu ba, amma kowane suna na karanta sai ya lumshe ido ya ce, "Muna amsawa."

Ni kuwa na fara iya aikin. Na koyi tsamo abin da ya fi nauyi in ɗora shi sama, wa ya yi, me ya yi, a ina, yaushe. Na kai ina kallon layin farko na labari in san ko akwai abin karantawa. Kafin ƙarshen shekara Mai-almakashi ya ɗaga takardata ya datse rabinta, ya karanta, labarin yana nan daram. Ya ce wa aji su yi koyi da ni. Daga ranar kaina ya kumbura. Abin da har yau nake jin kunyarsa, wata rana a gidan shan kofi na fito da wasiƙar Malam Ilu na fassara wa 'yan ajinmu, ina ƙirga masu gaisuwa da yatsa, suna dariya ina taya su. Na ce da malaminmu zai samu wannan, sallama kawai zai bari.

Burs ɗinmu ya ƙunshi tikitin zuwa gida sau ɗaya, a hutun da ke tsakanin shekarun biyu. Ana saura mako a tashi, Mai-almakashi ya kira ni. Ya ce ya samo mini gurbin koyon aiki na wata uku a wata jarida ta bakin teku, abin da suke kira staj, kuma da faɗuwar nan biyu da ke cikin takarduna, wannan ne zai wanke ni. Gobe da safe yake son amsa, gida ko staj.

A ranar wasiƙar Malam Ilu ta iso. Ba zan yi ƙarya in ce ban karanta ta duka ba, na karanta har ƙasa. Layin farko ya ce kowa lafiya lau. Gaisuwa ta biyo shafi uku. An yi shuka, hatsi ya tsiro, ana noman farko. Can ƙasa, inda takarda ta kusa ƙarewa har rubutun ya matse, aka ce: "Inna tana ɗan jin jiki, amma da sauƙi. Kawu Ibro ya zo, yana nan wajenmu. Ta ce a gaya wa wancan, in ya samu sarari ya leƙo, in bai samu ba babu komai."

Na karanta ta da idon da aka yi wata tara ana gyara mini. Na ce da abin mai nauyi ne da yana sama. Sama ta ce lafiya lau, ƙasa ma ta ce da sauƙi, ta ce babu komai. Na ninke ta na sa cikin ƙamus, na rubuta amsa mai layi shida cewa aiki ya riƙe ni, sai baɗi. Da safe na sa hannu a takardar staj. Ban ko biya ta wurin Baba Na-Allah ba, saƙo na bar masa.

Wata ukun nan sun yi mini daɗi, wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. Na rubuta labarin masunta da na kotu da na kasuwar kifi, sau huɗu sunana yana fitowa a jarida. Na yanke su na adana don in nuna wa Rabi ta gaya wa Inna.

Da na dawo, matar gidan ta miƙo mini ambulan da ya yi makonni yana jirana. Ranar Lahadi ce, sai na ce bari in kai wa Baba mu buɗe tare, in haɗa masa da waccan da bai ji ba. Ya yi murna da ganina, ya yi mini tsiyar na yi ƙiba da kifin Nasara. Muka ci tuwo, na fara da tsohuwar wasiƙar. Yana ta "muna amsawa" har na kai layukan ƙarshe. Na karanta su da sauri ina shirin ɗauko sabuwar, sai ya ɗaga hannu.

"Maido mani wurin nan."

Na sake karantawa.

"Kawun nan naka, mi yake yi?"

"Noma, Baba."

"Manomi ya bar gonarshi Gazawa, ana tsakiyar noman hwari, ya zaka ya zauna Cadawa?" Ya dube ni. "Lawali, ba kai ka ce mani kai ne ɗan hwari ba?"

Na ce ni ne.

"Uwa ta buɗe baki ta nemi ɗan hwari, a gaban malami, a gaban ƙanenta. Ta taɓa yi?"

Ni da na yi shekara biyu ina rubuta wa mutanen Agye wasiƙa, na san yadda ake yi. Da hannuna na sha rubuta "da sauƙi" a kan mutumin da aka riga aka juya shi gabas. Na san ba a gaya wa matafiyi abu a fili, ana ajiye masa shi a ƙasa, a lulluɓe, don ya iso gare shi a zaune. Babu abin da Baba Na-Allah ya faɗa wanda ban sani ba tun ina yaro.

Na fizgi sabon ambulan na yage, na juya shafin ƙarshe. Tsohon ya dafe takardar da tafin hannunsa, ya ce, "A'a, ɗana. Wanga karon daga bisa za ka hwaro. Yadda aka rubuto ta, hakanan za ka bi ta."

Na fara. Bayan sallama, kowa lafiya lau. Rabi tana gaisuwa.

Na tsaya, domin a duk wasiƙun da suka gabata sunan Inna ne farko. Baba ya ce a hankali, "Muna amsawa. Ci gaba." Kawu Ibro yana gaisuwa. Muna amsawa. Liman yana gaisuwa. Muna amsawa. Haka ya bi da ni suna bayan suna, ina karantawa, shi yana amsawa, har makahon bakin kasuwa. A cikin shafi ukun nan da na mayar abin dariya a gidan kofi na gane amfaninsu. Duk mutumin da aka ambata zuwa yake yi ya zauna kusa da ni. Kafin in kai ƙasa garinmu duka yana cikin ɗan ɗakin nan. Layin ƙarshe ya ce Allah ya yi wa Inna rasuwa ranar wata Alhamis, ana noma na biyu, an yi mata sutura da hantsi, sai haƙuri. Da na bi kwanakin a raina, na ga da na ɗauki tikitin da na same ta da rai, har in yi makonni a gabanta.

Baba Na-Allah ya ɗauko buta ya ce in yi alwala. Ya shimfiɗa bargonsa na soja muka zauna zaman makoki mu biyu, kwana uku, yana tashi ya je shara ya dawo. A rana ta uku aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Mai-almakashi, matar gidanmu ta kwatanta masa wurin. Ya ga babu kujera, ya sunkuya da ƙyar ya zauna ƙasa, hularsa a kan gwiwa. Ya tambaye ni me ya sa mutanen gida ba su buga mini waya ba, me ya sa ba su faɗa a fili ba. Na ce sun faɗa. Ya nemi in fassara masa layukan, na fassara. Sai ya ce shi da ya karanta wannan, da staj ɗin zai tafi. Na san don ya sauƙaƙa mini ya faɗa, kuma gaskiyarsa ce, amma shi ba a Cadawa aka haife shi ba.

Na ƙarasa shekara ta biyu don ban san abin da zan yi in na bari ba. Na fito da sakamako mai kyau. Ranar da zan taho Baba Na-Allah ya raka ni har cikin jirgin ƙasa, da kansa ya ɗora sabon akwatina, ya ce kada in ba kowa ko da ya zo da hula. Na roƙe shi ya ba ni saƙo zuwa Cadakori. Ya ce in bar su da abin da suka sani, amma in riƙa rubuto masa, kuma kada in rage ko suna ɗaya.

Motar Maraɗi ta sauke ni a Cadawa da rana tsaka, hatsi ya yi kai. Maza suka tare ni a zaure aka yi addu'a, Kawu Ibro ya kai ni maƙabarta ya nuna mini wurin. Sai da jama'a suka watse na shiga cikin gida. Turmin gyaɗar Inna yana kife a gindin bango. Rabi tana zaune a ƙofar ɗakin, na zauna nesa da ita kaɗan.

Ita ta ba ni labarin. Ta ce Kawu ya so a rubuta mini a fili cewa jiki ya yi tsanani, Inna ta hana. Ta ce kada a firgita shi a ƙasar mutane, shi kaɗai, babu mai riƙe shi. Ta ce, "Ku sa mashi a ƙasa kawai. Mai karatu ne, zai gane." Daga ranar, duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta ce wa Rabi ta leƙa ta ga ko an sauke baƙo. Amsata mai layi shida ta daɗe a hanya, ba ta iso ba sai bayan an yi bakwai.

Rabi ta share ido da bakin zane, ta ce, "Ni dai na ce masu wasiƙar ce ba ta iske ka da wuri ba. Yaya, ba ta iske ka ba, ko?"

Diplom yana cikin jakata, shaidar cewa na iya faɗin abu mafi nauyi a layin farko. Amsar kalma uku ce: ta iske ni. Na buɗe baki in faɗe ta, sai na ji kaina ina tambayarta yaya gyaɗar bana, ko ruwa ya wadata, ko mijinta ya gama gyaran rumbu.

Rabi ba ta taɓa taka ƙofar lakol ba. Ta dube ni har na kai ƙarshen tambayoyina. Sai ta ja mayafinta ta rufe fuska.